Ƙusar da Ke Cikin Kitse

Waɗanda suka cika min akwatin saƙo da "Zornitsa kin cika zargi, me bawan Allahn nan ya yi miki?", to ku gyara zama. Musamman ke da kika rubuta cewa in na bar Lachezar ya kuɓuce min, zan tsufa ina ƙirga ƙwayoyi a kantin magani. Na gani, ban goge ba. Ki karanta na yau tukuna, sannan ki sake gaya min.

Ga sababbin zuwa: shekarata ashirin da bakwai, ina sayar da magani a wani kanti a cikin gari, in na tashi aiki bas ya maido ni ƙauyenmu a gindin dutse, inda muke zaune ni da mahaifina. Tate nake ce masa, kamar kowace 'yar Bulgeriya. Mama tana Italiya shekara tara ke nan tana jinyar wata tsohuwa, amma kada ku ɗauka nisa ya hana ta mulkin gidanmu, ta waya take gane cewa gishiri ya yi yawa a miya. Sai Malina, goɗiyata. Ja ce mai farin goshi. Uwarta ta mutu wajen haihuwarta a shekarar da Mama ta tafi, ni na shayar da ita da kwalba, ni ma ba ni da uwa a gida, ita ma ba ta da ita. In na ce ina son Malina, ba irin son da ake yi wa dabba nake nufi ba.

Shi kuwa Lachezar maƙeri ne, shi ke yi wa dawakan yankinmu takalmi. Dogo ne, ba ya yawan magana, hannunsa duk tabon wuta. Shekara uku yana zuwa gidanmu "duba kofato", ko da kofaton lafiya lau yake. Mama ta mutu a kansa. Tate kuwa in ka ji yana cewa "yaron nan", za ka rantse shi ya haife shi.

Jibi Asabar ce ranar dawaki, Asabar ɗin farko ta babban azuminmu na Kiristoci kafin bikin Ista. Za a kitse musu wutsiya, a ɗaura musu tuntu da duwatsu shuɗɗa, a yi sukuwa a filin bayan coci. Wanda ya ci sai ya zagaya gari ya tsaya a ƙofar gidan da ransa ke so, in budurwar gidan ta fito da tukunyar tagulla ta shayar da dokin, to kowa a ƙauyenmu ya san me ake nufi, ba sai an yi shela ba. Bana Tate ya ba Lachezar aron Malina. Goɗiyata, ƙofarmu, ni ce kuma mai tukunyar. Tun watan jiya Mama ta sa na fito da kayan kakata daga akwati: farar riga mai aikin jan zare a hannu, baƙar shimi ta ulu, ɗamara mai kan azurfa. Takalmi ma ta aiko daga Italiya, ya matse ni. Ban ce e ba, ban ce a'a ba, amma jiya na goge tukunyar da toka na kife ta a kan shinge. Ku yi min fassarar da kuka ga dama.

To amma kusan mako biyu ke nan raina bai kwanta ba, kuma na gaya muku a baya kuka ce sharri nake nema.

Tate ne fa kwatsam ya ƙwace aikin ba Malina abincin safe. "Ki huta 'yata, kina da bas ɗin kamawa." Mutumin da shekara tara bai taɓa ce min in huta ba. Sannan na dawo aiki wata Juma'a na tarar an sake mata takalman gaba, alhali ba a yi wata guda da sa na baya ba, har da wata fata mai kauri da aka shimfiɗa tsakanin takalmin da kofato, ta rufe tafin ƙafar ruf. Na tambayi Lachezar, ya ce saboda tsakuwar filin sukuwa ne, yana faɗa yana kallon guduma. Suka kuma daina fita da ita gwaji, wai ta tara ƙarfi. Ranar Talata na shafa kwamin abincinta, wani farin gari ya manne min a yatsa. Na ɗanɗana, ɗaci kamar me. Jama'a, magani nake sayarwa, na san ɗacin maganin kashe ciwo.

Yau da safe ban jira kowa ba. Na zura takalmin roba a kan wandon barci, na yafa tsohuwar rigar sanyin Tate, na riga shi zuwa barga.

Malina na tsaye a kan ƙafa uku. Ta hagun gaba ta ɗage ta, bakin kofato kawai ke taɓa ƙasa. Wuyanta sharkaf da gumi a wannan sanyin, abincin jiya yana nan ba ta taɓa ba. Na dafa kofaton, zafi rau kamar kofin shayi. Ta sunkuyo ta ɗora min kai a kafaɗa yadda take yi tun tana 'yar ƙarama, sai na ji hawaye ya zubo min.

Ina lalubar lambar likitar dabbobi Tate ya shigo da bokiti.

"Wa kike kira?"

"Likita Peycheva."

"Haba Zori, don ɗan ɗingishi? Ta bugu ne da bango. A kira Lachezar ya duba."

"Lachezar ya duba ta isa haka, Tate."

Ya ajiye bokitin. Na lura hannunsa na cikin aljihu yana murza wani abu mai ƙarar takarda, amma a lokacin hankalina bai kai can ba. Duk zargina yana kan mutum ɗaya.

Likita Peycheva ta iso wajen ƙarfe goma a farar motarta mai cike da akwatuna. Gajeriya ce, ta haura hamsin, gashinta a aske kamar na soja, bakinta kuwa ba ya jiran izini. Ba ta gama fitowa ba sai ga motar Lachezar ta tsaya a bayanta. Ban kira shi ba. Na kalli Tate, ya kalli kaji.

"Kwana nawa take ɗingishi, Bai Stoycho?" ta tambayi Tate tana ɗaga ƙafar. Stoycho sunansa, "Bai" kuwa girmamawa ce ga dattijo a wajenmu.

"Jiya ne. Ko shekaranjiya."

"Uhm. Wa ya sa mata wannan fatar?"

"Ni ne," in ji Lachezar.

"To cire min, da takalmin duka. Ƙarfe na tare min hoto."

Ya durƙusa da awartaki ya fara zare ƙusoshi. Na tsaya a kansa ina kallon ƙeyarsa, ta yi ja har kunne. Da fatar ta fita wani wari ya bugo mu, amma tafin ƙafar sumul yake, ba rami ba jini. Likita ta wanke shi da buroshi, ta kankare, ta matsa nan ta matsa can da wani babban awartaki. Ko'ina ta taɓa Malina sai ta zabura.

"Duk ƙafar ce ke ciwo, ba za ta nuna min wurin ba," ta ce. "Sai mu leƙa ciki."

Ta yi mata allura a bayan ƙafar don ta kashe zafin, ta ɗora kofaton a kan wani ɗan katako, ta jona wani akwati rawaya na ɗaukar hoton ƙashi da wutar barga, ta kafa kwamfuta a kan damin ciyawa. Sannan ta miƙo min wata riga mai nauyin tsiya, ta dalma.

"Ke za ki riƙe farantin da hoton ke sauka a kai. Ba ki da ciki dai ko?"

"Likita!"

"Yo tambaya ce, kowa nake yi wa. Na ji ana ta maganar tukunya a gari. Ku maza, ku koma bayan ƙofa."

Akwatin ya yi ɗan ƙara. Ta juya ta ɗauka ta gefe, ta gaba, ta sama. Ba a yi minti ɗaya ba ƙafar Malina ta fito a fuskar kwamfuta, fari da baƙi, ƙashi a zaune cikin kofato kamar ƙafa a cikin takalmi. Ban taɓa ganin cikin abin da nake so haka ba. Likita ta matso da fuskarta, ta ja tsaki.

"Zo ki gani. Gefen ƙashin nan ya kamata ya zama santsi. Kin ga nan?" Ta ɗora farce a kan wani wuri da ya yi duhu, kamar ɓera ya gatsi cuku. "Mugunya ce ke cin ƙashin. Wannan baƙin ɗigon kuma iska ce ta ƙwayoyin cuta." Ta ɗaga murya. "Bai Stoycho! Shekaranjiya ka ce? Ƙashi ba ya nuna ci a hoto sai an yi kwana goma, ko fiye. Wannan ciwon ya kusa mako biyu. An dai yi ta ɗura mata maganin kashe zafi ne tana takawa a kai."

Kwana goma sha uku da sake takalmi. Na ƙirga a yatsuna a cikin aljihu, na juya na kalli Lachezar.

"Ki gaya min gaskiya, Likita," na ce. "Za ta tashi?"

"Ya danganta da abin da ya shiga, ta ina ya shiga, ina ya nufa. A bayan ƙashin nan akwai jijiya da wata 'yar jakar ruwa da jijiyar ke zamewa a kanta. In ciwon bai kai can ba, a buɗe, a kankare ƙashin da ya ruɓe, ta warke. In ya kai, kuma ya kwana biyu a can, ba abin da ya rage sai allurar da ba a tashi." Ta cire tabarau. "Matsalar, ramin ƙusa a kofato rufewa yake da an zare ta. Hoton ya nuna min inda wutar take, bai nuna min ƙofar ba. Ba zan yi ta sassaƙar ƙafar dabba ina lalube ba. Wani a cikinku ya san ƙofar."

Ta bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya.

Sai Lachezar ya cire hula.

"Ƙusata ce," ya ce. "Da nake sa takalmin, ɗaya ta karkace ta shiga nama. Ta uku, ta gefen ciki. Na zare ta na sake bugawa, na ɗauka ba komai."

Wayyo Allah. Kun san yadda mutum ke ji in abin da ya daɗe yana zargi ya tabbata? Ba daɗi ba ne, ko kaɗan.

"Kai ne!" na ce. "Ka soke ta, ka rufe da fata, ka yi ta ba ta gari a ɓoye, kana zuwa kana cin wakenmu kana murmushi?"

"Ki yi haƙuri, Zori."

"Kada ka ƙara ce min Zori!"

"Ya isa, 'yata," Tate ya ce, muryarsa can ƙasa. "Kuskure ne, kowa na yi."

Likita dai ta kalli hoton, ta kalli Lachezar, ta sake kallon hoton.

"Ƙusar takalmi a gefe take shiga," ta ce a hankali. "Wannan cin ya fi kusa da tsakiya. Ka tabbata?"

"Na tabbata."

"To. Mugunya na iya tafiya. Kai ka buga, kai ka sani." Ta ɗauko wuƙarta mai lanƙwasa ta fara fiƙe gefen kofaton a ramin ƙusa ta uku.

Ban iya tsayawa kallo ba. Na fita tsakar gida, na jingina da shinge kusa da tukunyar da na goge, na nemo hoton fuskar kwamfutar da na riga na ɗauka a waya na tura zauren hirar gidanmu na waya, wanda muke mu uku ni da Tate da Mama. Na rubuta a ƙasa: "Ga aikin surukinki."

Ba a yi minti biyu ba saƙon murya ya shigo. Na kara a kunne ina jiran ta fara kare shi.

"Stoycho!" Muryar Mama ce, tana raɗa, ana jin talabijin ɗin tsohuwarta a baya. "Ka sauka ka duba ƙusar nan kuwa? Ko ɓera ya ture ta? Na ce maka ka soka ta a sabon kitse, na rantse a na bara ka sa ta, shi ya sa bai ci ba. Kada ka bari yarinyar nan ta…"

Ɗif. Na duba waya. "An goge wannan saƙon."

Mama ta ɗauka Tate kaɗai take turawa.

Na tsaya riƙe da waya kamar wadda aka watsa wa ruwan sanyi. Sai kakata ta faɗo min a rai, mahaifiyar Tate, Allah ya ji ƙanta. In ƙusa ta soki doki ko mutum, abin da take yi ke nan: a zare ta, a tsiyaya barasar gida a ramin, ita kuma ƙusar a ɗaura mata jan zare daidai inda ta tsaya a jiki, a soka ta a cikin kitse a ajiye a wuri mai sanyi. Wai muddin ƙusar na cikin maiƙo ba ta yi tsatsa ba, ciwon ma ba zai ruɓe ba. Ƙusar ake jinya, ba ƙafar ba. Ina yarinya har ni ake aika in duba ta.

Na ruga ɗakin ƙasa. Matakala goma sha ɗaya, na san su ko a duhu. Ga kwalaben barkono da na tumatir a jere, ga gangar kabeji mai tsami, ga kitsen alade mai gishiri a rataye a ƙugiya, wanda ba mai taɓa shi tun da muka ajiye nama don azumi. Wa zai zo nan? Ba kowa, har sai Ista. Na juya na farko, ba komai. Na juya na biyu, na bara, wanda ya fara rawaya.

Kan ƙusa ne ya leƙo, da jelar jan zare.

Na zare ta. Doguwa ce, irin ta katakon rufi, tsohuwa, ta fi ɗan yatsana. Ba ta da haɗi da ƙusar takalmin doki ko ta ina. Na tuna makon da Tate ya rushe tsohuwar rumfar itace a bayan barga, ya ce zai kwashe katakon, bai kwashe ba.

Da na koma barga Likita ta riga ta yi rami a gefen kofaton, fari tas, ba mugunya. Tana ta mita. Na miƙa hannu tsakaninta da ƙafar, na buɗe tafina.

"Ga ƙofar, Likita."

Ta kalli ƙusar, maiƙo na ɗiga. Ta kalli jan zaren. Ashe ita ma 'yar ƙauye ce, ba sai na yi mata bayani ba.

"Tabɗi," ta ce. "Har yanzu ana wannan? Wa ke jinyar ƙusa a gidan nan?"

Tate ya zauna a kan bokitin da ya kife. Hannunsa ya fito daga aljihu da 'yan fakitin farin gari guda uku, suka zube a kan ciyawa.

"Uwata ta yi wa dawaki bakwai haka," ya ce. "Duk sun tashi."

"Na takwas fa, Bai Stoycho? Tashi ka nuna min inda ka zare ta. Yanzu, ba anjima ba."

Ya rarrafo ya ɗora yatsa a tsakiyar tafin, a kwarin da ke gefen naman nan mai taushi. Nesa da inda Lachezar ya ce, nesa ƙwarai. Likita ta sa wuƙa, sau uku kawai ta kankara, wani baƙin ruwa ya yi tsartuwa ya ɓata mata tabarau. Warin ya cika barga. Malina ta sauke wani dogon numfashi, ni ma na sauke.

Sai ta ɗauki ƙusar ta auna daga tsini zuwa zare.

"Santimita biyar. Kakarki dai ta yi mana rana ɗaya, ta bar mana ma'auni." Ta zura wani siririn ƙarfe mai dakusasshen baki a ramin a hankali, ta ce in sake sa rigar dalma. Aka ɗauka. A hoton ƙarfen ya fito fari fat, ya miƙe daga tafin har ya dunguri ƙashin daidai wurin da ya ciwu, bakinsa ya ɗan karkata baya. Ta zare shi, ta ɗura wani ruwa ta siririyar roba, ta ce shi ma fari yake fitowa, duk inda mugunya ta yi hanya zai bi. Aka sake ɗauka.

Mu huɗu muka taru a kan kwamfutar. Farin ruwan ya bi ramin, ya taru a gindin ƙashin, sannan wani siririn zare nasa ya miƙe baya, ya tsaya.

"Nan ce jakar," ta ce, ta ɗora bakin alƙalami. "Nan kuma ruwan ya tsaya." Tsakanin biyun bai kai kaurin farce ba. "Bai shiga ba. Ko kuma bai shiga ba tukuna, wannan na'urar tawa ba za ta rantse min ba. A asibitin dabbobi na birnin Stara Zagora suna da babba wadda ke yanka hoton sala-sala. Su duba, su buɗe, su kankare ƙashin yau ɗin nan. Ba gobe ba." Ta juya ga Lachezar, ta nuna ramin banzan da ta yi a gefen kofato. "Kai kuma, da na ci gaba da biye maka, da na yi ta tona nan har la'asar, na ɗaure ƙafar na ce a ba ta allura kwana biyar. Da ranar Litinin muna haƙa mata rami. Ka ji ko?"

Bai ɗago ba.

"Ni na roƙe shi," Tate ya ce yana share ido da hula. "Ya ce a kira likita tun ran nan, ni na hana. Na ce zai warke kafin Asabar. Yaron nan ya ɗauki laifina ne don kada ki tsane ni, Zori. Ina za ki samu irinsa?"

Kun ji fa. Har yanzu, har a nan, da mugunya a takalmina, tallarsa yake yi min.

Wayata ta yi ƙara. Mama ce, a rubuce wannan karon: "Kin ga irin mutumin da nake gaya miki? Ya yarda a zage shi don ubanki. Ki yi tunani." Har da hoton zuciya. Na kashe ƙarar na jefa ta aljihu tare da ƙusar.

Likita ta cusa auduga mai magani a ramin, ta naɗe ƙafar da bandeji har ta zama kamar kabewa, ta yi mata allura biyu, ta kira asibitin ta ce muna tafe. Sannan ta tambayi wa ke da tirelar doki.

Guda ɗaya ce a duk ƙauyen. Kun san ta wa.

Cikin minti ashirin ya jawo ta, ya shimfiɗa ciyawa mai kauri, ya sa kafaɗarsa a ƙarƙashin ƙirjin Malina ya tallafe ta har ta hau, yana yi mata magana ƙasa-ƙasa. Ya iya da ita, ba zan yi masa ƙarya ba, abin da ya fi ƙona min rai ke nan. Na shiga ɗaki na sa wandon jins da rigar ulu. Kayan kakata na shimfiɗe a kan gado an goge, ban kalle su sau biyu ba. Da na fito ya buɗe min ƙofar gaba, har ya share kujerar da hannun riga.

Na wuce shi na shiga tirelar ta 'yar ƙaramar ƙofar gefe, na zauna a kan ciyawa kusa da kan Malina.

"Zori, an hana mutum zama a nan. Tafiyar awa biyu ce."

"In an kama mu ka ce laifinka ne. Ka iya ai."

Ya rufe ƙofar. Na ji ya shiga mota, ya tayar, amma ba mu motsa ba. Ta 'yar tagar ina hango Tate a bakin shinge, ya ɗauki tukunyar tagullar yana juya ta a hannu, bai san inda zai ajiye ta ba. Sai wayata ta girgiza.

Lachezar ne.

"Ba don babanki na yi shiru ba. Kada ki ba ni ladan da ba nawa ba."

Ya ci gaba da rubutu, ya tsaya, ya sake.

"Na ga ramin da idona ran nan. Na san zurfinsa. Na san in kin gani ba za ki bar ta ta yi sukuwa ba, in ba ta yi ba kuma ba ni da dalilin tsayawa a ƙofarku. Shekara uku nake jiran ruwan nan. Ni na ce a sa fatar, ba shi ba."

Na karanta sau uku. Mako biyu ina zarginsa da soke ta, ashe bai soke ta ba. Awa guda ana ce min waliyyi ne, ashe ba shi ba ne. Ya gani, ya sani, ya rufe da hannunsa mai kyau ɗin nan, saboda yana so na. Kuma ba wanda ya tilasta shi ya gaya min, da ya yi shiru da har abada Tate ne mai laifi. Na rubuta zagi, na goge. Na rubuta wani abu da ba zagi ba, shi ma na goge da sauri. Malina ta sunkuyo tana shinshinar aljihuna inda ƙusar take.

Abin da na tura masa ke nan: "Ka tuƙa a hankali. Ƙafa uku gare ta."

Daga kan bencin asibitin nake rubuto muku. Awa ɗaya da rabi ke nan da suka shiga da ita, ƙofar ba ta buɗe ba. Maiƙon ƙusar ya ɓata min aljihu. Lachezar na zaune a ɗaya ƙarshen bencin, ya sayo kofi biyu ya ajiye ɗaya a tsakaninmu, tuni ya huce.

To, ke mai maganar ƙirga ƙwayoyi, ina sauraron ki.